Faifan da Mai Shi Bai Ga Fitowarsa Ba

Tun da farko muna neman ahuwa a wurin 'yan'uwa marubuta da suka saba buɗe wannan shafi su tarar da sharhin littafi ko nazarin waƙar baka, domin yau mun zo da abin da wataƙila wasu za su ce ba shi da gurbi a mujallar adabi, wato kiɗan ƙasashen waje. Makaɗan baƙaƙen fata ne na Amurka, biyu daga cikin jagororinsu kuma Musulmi ne 'yan'uwanmu. Sunan ƙungiyar Kool & the Gang, faifan da muke son magana a kansa kuwa shi ne wanda suka fitar a 2021 mai suna Perfect Union. Mun san da yawa daga cikin waɗanda suka yi yayin ƙungiyar nan a ƙasar Hausa ba su ma san da wannan faifai ba, waɗanda suka ji shi kuwa sun taɓe baki. Mu ma mun taɓe namu, har na tsawon watanni, kafin mu sake tunani. To, yadda aka yi muka sake tunanin shi ne za mu ba da labari.

Amma sai mun koma baya tukuna, zuwa 1988, lokacin Jihar Katsina tana da shekara ɗaya da kafuwa. A shekarar ne babban wanmu, wanda duk gidan muke kira Yaya, ya zo Daura Sallar Gani daga Kaduna, inda yake aiki a wata masaƙa. Ya zo da tsaraba kamar yadda ya saba, atamfa ga iyaye mata, alawa ga yara, sannan ga wata rikoda baƙa mai cin batir shida, wadda ya rataya a kafaɗa kamar jakar mafarauci. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya son kiɗa a cikin gida, saboda haka rikodar ba ta taɓa wuce soro ba. Bayan sallar isha'i Yaya zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, abokansa su zo, mu kuma yara mu raɓe a gefe muna yin kamar ba mu nan, don kada a tuna da mu a kore mu.

Kaset ɗin da ya fi kama mu shi ne Emergency, wanda ƙungiyar ta fitar a 1984. A cikinsa ne ake da «Fresh» da «Cherish» da «Misled». Ba mu jin Turanci a lokacin, in ban da na gaisuwar malami a aji, don haka kowa ya ƙirƙiro kalmominsa ya ɗora a kan karin waƙar, muna rerawa a hanyar makaranta, kuma kowa ya rantse nasa ne daidai. Abin da ba mu buƙaci tafinta a kansa ba shi ne busa. Yaron da ya tashi a Daura ya san busa tun yana goye. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawa ya san kakaki ba ya jan dogon zance. Magana biyu ko uku zai yi, ya yanke, a ji shiru, sannan ya sake, kuma shirun nan da ke tsakani shi ma yana cikin busar. To, haka masu busar Kool & the Gang suke yi. Ƙahoni uku ko huɗu su taso a lokaci guda kamar an tsaga ƙwarya, su ce abin da za su ce cikin ƙiftawar ido, su ɗauke. A ƙarƙashinsu kuma ga babbar jita mai kaurin murya, wadda Robert Bell yake kaɗawa, tana maimaita zance ɗaya ba ta gajiya, kamar yadda kuntuku yake riƙe wa kalangai ƙugu a kiɗan Shata. Wannan shi ne abin da suke kira fank. Ba mu san sunansa ba a lokacin, amma ƙafafunmu sun gane shi.

Ba wai busar zamani baƙuwa ba ce a Arewa. Akwai 'yan badujala na soja da na 'yan sanda, akwai kuma marigayi Bala Miller na Zariya da babbar ƙungiyarsa, wanda ya yi ta ƙoƙarin ɗora Hausa a kan ƙahonin Turawa, har waƙarsa «Ikon Allah» ta zaga gidaje ta rediyo da talabijin. Sai dai mu a unguwarmu ta hannun Yaya abin ya iso.

Yaya mutum ne mai son bayani. Ba ya sa kaset ya yi shiru, sai ya ba da tarihinsa, kuma daga baya da muka girma muka karanta, mun tarar mafi yawan abin da ya faɗa haka yake. Samari bakwai ne suka kafa ƙungiyar a 1964 a birnin Jersey City, dukansu 'yan makaranta. Akwai Robert Bell da ake wa laƙabi da Kool, da ƙanensa Ronald Bell, da Dennis Thomas, da Robert Mickens, da Charles Smith, da George Brown, da Ricky West. Mahaifin su Robert ɗan dambe ne mai son kiɗan jaz, kuma da jaz ɗin yaran suka fara, har sunansu na farko ma Jazziacs ne. Sai a 1969 suka tsaya a kan sunan da duniya ta san su da shi. A farkon al'amarinsu ba su da mawaƙi na musamman, busa ce da kiɗa zalla, in an ji murya to ihu ne ko ɗan amshi. A haka suka yi Wild and Peaceful a 1973, mai ɗauke da «Jungle Boogie» da «Hollywood Swinging», suka yi Light of Worlds a 1974. A cikin shekarun nan ne kuma 'yan'uwan biyu suka musulunta. Robert ya zama Muhammad Bayyan, Ronald ya zama Khalis Bayyan, kuma Imam Warith Deen Mohammed ne ya raɗa wa Ronald wannan suna. Yaya ba ya taɓa cewa Ronald. Kullum Halisu yake ce masa, kamar wani ɗan unguwarmu.

A nan ne rigimarmu da Yaya take. Da ya ga mun haukace a kan «Fresh» da «Cherish», sai wata rana ya kashe rikodar ya dube mu ya ce, «Ku yaran nan ba ku san komai ba. Mutanen nan ai sun mutu tun 1979. Wannan da kuke ji fatalwarsu ce.» Abin da yake nufi shi ne, a shekarar ne suka ɗauko mawaƙi mai zaƙin murya, James Taylor da ake kira JT, suka kuma ɗauko wani ɗan Brazil, Eumir Deodato, ya zama mai tsara musu faifai. Kasuwarsu ta yi sanyi a lokacin da disko ya mamaye duniya, sai suka rage tsawon busa, suka ƙara waƙa, suka sassauta kiɗan yadda kowa zai iya bi. Kasuwa kuwa ta buɗe. Ladies' Night ya fito a 1979, Celebrate! a 1980, waƙar «Celebration» ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a farkon 1981, daga nan sai «Get Down on It» da «Joanna» da sauransu. A wurin Yaya duk wannan sayar da mutunci ne. Yakan ce sun bar tuwo sun koma alawa.

Don ya nuna mana tuwon, sai ya ciro wani tsohon kaset da ya yi wa rubutu da jan biro, ya sa mana «Summer Madness» daga Light of Worlds. Babu mai waƙa a ciki. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, kamar tafiyar raƙumi da rana tsaka, sai can wata murya ta na'urar fiyano ta lantarki, wadda Halisu yake sarrafawa, ta fara hawa, tana hawa, tana ƙara siririncewa, har sai ka ji kamar za ta huda kunne ta fita ta sama. Yaya ya lumshe ido. Mu kuwa muka yi ta jiran a fara waƙar, har abin ya ƙare. Ƙaraminmu ya ce, «Yaya, to ina mai waƙar?» Ranar dai da rankwashi aka tashi.

Ga abin dariya, a shekarar nan ta 1988 da muke wannan gardama a ƙofar gida, a ita ce JT ya bar ƙungiyar, mu ba mu sani ba. Da labarin ya iso mana, kuma kaset ɗin Sweat na 1989 ya zo hannun wani abokin Yaya muka ji babu muryar da muka sani, sai mu ma muka yanke namu hukuncin, muka ce yanzu ne suka mutu. Yaya ya binne su a 1979, mu muka binne su a 1988. Kowa ya ɗaure su a turken da ya fara ganinsu, ya yi tafiyarsa. Sun ci gaba da fitar da faifai, har JT ya dawo suka yi State of Affairs tare a 1996, suka yi Still Kool a 2007, amma ko sau ɗaya ba mu nemi ɗayansu ba. Wa yake zuwa gaida wanda ya riga ya yi wa salla?

Rayuwa ta yi ta tafiya. Muka yi karatu, muka kama aikin koyarwa, muka yi iyali. Kaset ya ba faifan CD wuri, shi ma ya ba waya wuri. Masaƙar su Yaya ta rufe kamar yadda masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ya kwaso iyalinsa ya dawo Daura yana gyaran injin niƙa. Rikodar nan ba mu san inda ta shiga ba. Ya daina zancen kiɗa gaba ɗaya, ya zama mutumin sahun farko a masallaci, in mun tsokane shi da zancen Halisu sai ya yi murmushi ya ce ƙuruciya ce. Allah ya yi masa rasuwa a 2019 bayan gajeruwar jinya. A cikin abin da ya bari akwai wani kwali na kasusuwa, zafi ya manne zaren mafi yawansu, babu wanda ya nuna yana so, sai muka ɗauka muka tura ƙarƙashin gado.

Wani tsohon ɗalibinmu ne, mai shagon cajin waya da tura waƙoƙi a kusa da tasha, ya tayar da maganar. Mun taɓa sa shi ya tura mana tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar, saboda haka ya san cutarmu. Wata rana a ƙarshen 2021 muna wucewa sai ya ɗaga murya ya ce, «Malam, Allah ya gafarta, mutanenka fa sun fitar da sabo.» Muka ce wane mutane? Ya faɗa. Muka ce ashe suna nan? Ya karɓi wayar ya tura, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Gaskiya ita ce a jin farko ba mu so shi ba. Muryoyin masu waƙar ba mu san su ba. Gangunan sun yi sumul da yawa, irin sumul ɗin da na'ura take yi, babu ɗan gargadar nan ta hannun mutum da muka saba ji. Sunayen waƙoƙin ma suka ba mu haushi. Ga «The Weekend», ga «Leave It on the Dance Floor», ga «Good Time», duk zancen hutun ƙarshen mako da filin rawa da shagali, daga bakin mutanen da suka kai shekara saba'in ko suka doshe ta. Akwai ma wadda ba za mu iya fassara sunanta a gaban ɗalibai ba. Muka ce wannan ai tsoho ne da rawar yara. Ba mu kai ƙarshen faifan ba muka kashe, muka koma wa «Cherish» ɗinmu, muna jin daɗin cewa hukuncin da muka yanke tun muna firamare bai tashi ba.

Bayan wasu watanni, muna neman wani abu daban a intanet, sai muka ci karo da labarin da ya wuce mu. Ashe Khalis Bayyan ya rasu tun ranar 9 ga Satumba, 2020, a gidansa da ke tsibiran Virgin Islands, yana da shekara 68. Ashe kuma shi ne ya tsara wannan faifai da muka yi wa wulaƙanci, shi ne aikinsa na ƙarshe, kuma ya rasu kusan shekara guda kafin a fitar da shi. Dennis Thomas, mai busa saksofon, shi ma ya rasu ranar 7 ga Agusta, 2021, saura kimanin mako biyu faifan ya shiga kasuwa. Muka zauna muka ƙirga samarin nan bakwai da yatsu. Ricky West ya tafi tun 1985, Charles Smith a 2006, Robert Mickens a 2010, ga Halisu, ga Dennis. Saura biyu a lokacin. George Brown, makaɗin ganga, shi ma ya bi su a Nuwamba 2023, 'yan watanni bayan ya tsara musu wani faifan mai suna People Just Wanna Have Fun. Da aka zo shigar da ƙungiyar zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a Oktoba 2024, a birnin Cleveland na Jihar Ohio, jihar da aka haifi 'yan'uwan biyu, Robert kaɗai ya rage a cikin bakwai ɗin da zai karɓa.

Abin da ya fara zo mana a rai da muka karanta rasuwar Halisu shi ne mu je mu gaya wa Yaya. Har mun miƙe.

A nan ya kamata mu ja wa kanmu birki, domin mun san halinmu na yabon mamaci. Mutuwa ba ta mayar da aiki maras kyau ya zama mai kyau, kuma marubucin da ya bari tausayi ya riƙe masa alƙalami ya ci amanar mai karatu. Abin da mutuwar ta yi mana kawai shi ne ta sa muka sake saurara, wannan karon da kunnen da ba ya neman wani abu da ya ɓace. A jin farko ba faifan muke saurara ba, JT muke nema, da tabarmar ƙofar gida, da shekarunmu tara. Da ba mu same su ba sai muka ɗora wa faifan laifi. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma mu abin namu ya juye, tunanin barar ne ya hana mu ɗanɗana banar.

Wani dare da aka ɗauke wuta, yara sun yi barci, muka fito tsakar gida muka sa abin ji a kunne. Muka yi wa kanmu sharaɗi ɗaya, cewa ba za mu bi mai waƙa ba, za mu leƙa bayansa mu ji abin da ake yi a can. To, a can ɗin muka same su. Babbar jitar Robert tana nan yadda muka bar ta, ba ta gaggawa, ba ta neman a yaba mata, ta kama zance ɗaya tana juya shi. Busar kuma, a kunnenmu, hannun da ya jera ta a 1973 shi ne ya jera ta a nan. Sai dai ta rage yawan magana. A da ƙahonin nan sukan cika fili, kowa yana son a ji shi, kamar samari a dandali. A nan kuwa sai su bari a yi nisa, su shigo su faɗi kalma biyu a daidai inda ake buƙata, su koma su zauna, kamar dattijon da ake shawara a gabansa. Wanda bai san su ba zai ce ƙarfi ne ya ƙare. Mu dai mun fi zaton sanin inda ya kamata a yi shiru ne, kuma wannan ba a samunsa a shekara ashirin.

Waƙar da ta fi tsaya mana ita ce ta farko, «Pursuit of Happiness», wato neman jin daɗin rayuwa. An ɗauko sunan ne daga takardar shelar 'yancin kan Amurka ta 1776, kamar yadda aka ɗauko sunan faifan kansa daga gabatarwar tsarin mulkinsu, inda ake zancen haɗin kai mafi inganci. Halisu ne ya yi ta, kuma kira ce ga zaman lafiya da haɗin kai. Idan aka karanta kalmomin a takarda ba za a ga wata fasaha ta a zo a gani ba, irin maganar da kowane mai wa'azin zaman lafiya zai iya yi ce. Amma mutumin nan bai taɓa zama mai zurfin kalma ba, zurfinsa a jeren sauti yake. Kuma ya daɗe yana ɓoye abu mai nauyi a cikin riga mai sauƙi. Shi da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa tunanin «Celebration», waƙar da ake sawa a kowane biki a duniya, ya zo masa ne yana karanta Alƙur'ani, a inda ake ba da labarin halittar Annabi Adamu da mala'iku. Miliyoyin mutane sun yi rawa da ita ba su san daga inda ta taso ba.

Mun taɓa faɗin wannan a ɗakin malamai, sai abokin aikinmu mai koyar da Larabci ya girgiza kai ya ce, «Malam, ko daga ina ta taso, ai kiɗa kiɗa ne.» Ba mu yi musu da shi ba, kuma ba za mu yi a nan ba. Mas'ala ce da malamai suka daɗe suna magana a kanta, mu kuwa ba malaman wannan fanni ba ne. Abin da muka sani shi ne in an kira salla muna kashewa, kamar yadda Yaya yake yi tun a ƙofar gida.

Idan aka ce mu yi hukunci tsakani da Allah, Perfect Union bai kai Wild and Peaceful ba, bai kai Light of Worlds ba, bai ma kai Emergency ɗinmu ba. A cikin waƙoƙi goma da ke ciki, uku ko huɗu ne muke komawa gare su, wato ta farkon nan, da «Hold On», da «Leave It on the Dance Floor» wadda muka raina da fari, ashe a ita ce tsohon fank ɗin ya fi fitowa fili. Akwai waɗanda har yau muke tsallakewa, kuma sumul ɗin gangunan bai daina damunmu ba. Amma faifai ne na mutanen da suka shekara hamsin da shida suna sana'a ɗaya tare, waɗanda za su iya zama su ci gajiyar tsofaffin waƙoƙinsu har ƙarshen rayuwa, domin ba a daina sa su a bukukuwa da finafinai ba, matasan mawaƙa kuma ba su daina yankar gutsattsarin kiɗansu suna gina nasu a kai ba. Duk da haka suka koma ɗakin ɗaukar sauti suka yi sabo, alhali sun san za a ce bai kai na da ba. Wannan ne ya tsaya mana a rai, kuma ba don su kaɗai ba.

Mu mutanen Daura ya kamata a ce mun riga kowa sanin wannan darasi. Alhaji Mamman Shata a garin nan yake kwance. Da ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, nan aka kawo shi aka binne, garin ubangidansa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Muna tune da yadda a shekarunsa na ƙarshe ake zama a majalisa ana cewa ai Shata na da shi ne Shata, muryar ta yi nauyi, kiɗan ya yi sanyi. Bayan an binne shi kuma, waɗannan mutanen dai su ne muka gani a wurin masu sayar da kaset suna tambayar waƙoƙin ƙarshe, suna cewa a nan ne ya fi natsuwa. Waƙoƙin ba su canja ba tsakanin Mayu da Yuli.

Haka abin yake a wajenmu marubuta, kuma dalilin da ya sa muka ga maganar ta dace da wannan mujalla ke nan. Mai karatu yakan kama marubuci a littafin da ya fara haɗuwa da shi, ya ƙi sakinsa. Kowa ya san Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, amma mutum nawa ne a cikinmu suka nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda Abubakar Imam ya rubuta bayansu, suka karanta shi don kansa, ba don su auna shi da aku da Sarki Abdurrahman ba? Mun san 'yan ƙungiyar nan da littafinsu na farko ya karɓu, da suka kawo na biyu mai wani salo daban sai 'yan kasuwa suka ce a koma a yi irin na farko. Wasu suka koma suka yi, wasu suka ajiye alƙalami. Ba za mu ɓoye ba, mu ma muna cikin kashi na biyun. Mun taɓa fitar da ɗan littafin soyayya muna da shekara ashirin da 'yan kai, aka yaba, har 'yan mata suna aron layukansa a wasiƙa. Tun daga nan muke da wani rubutu a cikin akwati, ya fi shekara goma sha biyar, labarin wani ma'aikacin masaƙa da ya dawo gida. Babu soyayya a ciki, babu zaƙin baki. Duk lokacin da muka ciro shi sai mu ji muryar wani a majalisa yana cewa ai Malam na da shi ne Malam, sai mu mayar. A hutun da ya wuce mun ciro shi, kuma har yanzu yana kan tebur.

Ciro shi ne ma ya sa muka tuna da kwalin ƙarƙashin gado, domin muna son mu ga rubutun hannun Yaya. Muka zazzage kasusuwan a tabarma. Ga Emergency, zarensa ya narke ya zama dunƙule. Ga kuma kaset ɗin nan mai jan biro, an rubuta Light of Worlds da manyan baƙaƙe, a ƙasa an ja layi biyu. Muka sa biro a ramin muka juya, sai muka ga yana tafiya. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa da har yanzu yake da rikoda mai aiki. Ya buɗe kaset ɗin, ya yanke inda ya tauye, ya haɗa da ɗan salatif, ya ce mu zauna mu ji ko ya yi.

Ya yi. Sautin yana rawa kamar ana jinsa daga cikin rijiya, amma ga «Summer Madness» nan, ga muryar nan ta Halisu tana hawa. Wannan karon ba mu jira mai waƙa ba. Faifan ya ƙare, saura zare kaɗan a gefe na biyu, dattijon ya kai hannu zai kashe, sai muka ji ƙarar danna maɓalli, irin ta wanda ya ɗauki abu daga rediyo, har da guntun maganar mai gabatar da shiri. Sai ga muryar JT. «Joanna» ce, ta 1983, alawar alawa, irin wadda Yaya yake cewa ko a kyauta ba ya so. Ya ɗauke ta a ƙarshen kaset ɗin da ya fi ji da shi, bai rubuta sunanta a jiki ba.

Da yamma muka biya gidansa gaida iyali, muka ba matarsa labari muna dariya. Ita ba ta yi mamaki ba. Ta ce, «Haba Malam, ai wannan tun muna Kaduna. In ya dawo daga aikin dare ita yake sawa ƙasa-ƙasa, ya ce kada in gaya muku.»